Kwandon Mangwaro Ya Je Cebu Ya Dawo

Manong Crispulo, wato Yaya Crispulo, direban motar haya ne a birnin Iloilo na ƙasar Filifin. Tun ranar da 'yarsa Minda ta ce lauya za ta zama, babu fasinjan da ya sauka bai sha labarin ba. To, a nan sai ka gama digiri tukuna kake shiga makarantar lauyoyi. Kwaleji biyu suka ɗauke ta karatun digirin, ranar Juma'a kuma za a rufe rajista. Ɗaya tana nan bayan kasuwa. Ɗayar tana Cebu, sai an hau jirgin ruwa, amma a takardarsu ga hoton wani mai kwat, wai aikinsa ke nan, nuna wa ɗalibai hanyar zama lauya.

"Can za ki," in ji Crispulo. "A bayan kasuwa wa zai nuna miki hanya? Masu kifi?"

"Tatay," Minda ta ce wa babanta, "ni fa ta nan ta yi mini."

"Ni ba ta yi mini ba."

Ba a zuwa wurin babban mutum hannu rabbana, sai ya cika kwando da mangwaron tsibirin Guimaras, suka kama hanyar Cebu shi da Minda.

A ofishin mai kwat ɗin, sakatariya ta duba kwamfuta. "Yana da fili ranar sha huɗu ga Oktoba. Minti goma."

"Yarinya, Yuni fa muke ciki!"

"Ɗalibai ɗari tara gare shi, Manong."

"To mangwaron fa?"

"Ba ya karɓar kyauta."

Da safiyar Juma'a suka dawo, kwando har ya fara kiran ƙuda. A rumfar taliyar Nenita, matar Crispulo, suka tarar da tsoho Ebreo, alƙali mai ritaya da ke koyarwa a kwalejin bayan kasuwa. Shekara biyu ke nan yana shan romo a nan, yana bin rubutun Minda da jan biro, suna gardama har romon ya huce. Crispulo bai taɓa lissafa shi ba, saboda silifas yake sawa.

Ya dire masa kwandon. Tsohon ya latsa ɗaya, ya sunsuna.

"Wannan mangwaron ya ga duniya."

"Har Cebu ya je neman ka," in ji Nenita.

Crispulo ya sosa ƙeya, ya harari 'yarsa. "Ke me kike jira? Ƙarfe huɗu suke rufewa. Ni dama tun farko ta nan na fi so."