Goron Da Iya Ladidi Ta Raba

Ni Laraba, gona ɗaya mijina Sabo ya mutu ya bar mini a bayan Maska, kuma a cikinta muka binne shi, ƙarƙashin ɗorawa, kamar yadda muke yi tun kakanni. Alhaji Maharazu na Funtua ya riga ya saye gonakin da ke kewaye da ita, gabas da yamma, kudu da arewa. Tawa ce ta rage a tsakiya, tana tsone masa ido.

Alhaji ba ya cewa sayar mini, ya fi ƙarfin wannan. Sai ya aiko Malam Jibril, dillalinsa, da ƙunshin goro a ganye. A wurinmu kowa ya san abin da hakan ke nufi. In ka kwance ƙunshin, ka ba da izinin a fara magana. In ba ka so, ka mayar da shi a ɗaure yadda ya zo, ba faɗa ba gaba.

To ranar ina asibiti a Malumfashi, ƙafata ta kumbura. Surukata Iya Ladidi kaɗai ke gida, ga tsufa ga ido ya tafi. Da ta ji an ce goro daga Funtua, sai ta ɗauka gaisuwar cikar ɗanta shekara da rasuwa ce. Ta kwance, ta bi gida gida tana rabawa, tana cewa ashe Sabo na da mutane. Na dawo na tarar da bakin unguwa duk ya yi ja. Raina ya ɓaci har na kasa cin tuwo, amma wa zan yi wa faɗa? Tsohuwa tana ta murna.

Washegari na ja ƙafata zuwa wurin Abike mai goro. Ta zaɓo mini fari irin wancan, ta naɗe da sabon ganye, ta ce, "Yaya Laraba, Allah Ya sa ya karɓa."

Da na kai wa Jibril, ya juya ƙunshin sau biyu.

"Wannan ba ɗaurina ba ne," in ji shi.

"Malam, tsohuwa ce ta yi kuskure."

"Na sani. Ni ma ta ba ni ɗaya kafin in fito."

Kuma bai ji kunya ba, mutumin nan. Ya ci goron da ya kawo da hannunsa, bai gaya wa tsohuwa na mene ne ba.

Da zarar magana ta buɗu, ta bar hannun mace, ta koma ta dattawan gida. Ran Laraba, ranar sunana, suka zauna da Jibril a ƙofar gidanmu, ni kuma ina bayan zana ina ji. Na jira wani ya ce ba a sayarwa. Ba wanda ya ce. Yayan mijina cewa ya yi an ci goron mutum, ba a mayar da shi hannu banza. Gardamarsu duka a kan taku nawa za a bar wa kabarin. Aka tsaya a taku uku kowane gefe.

Na kasa haƙuri, na yi magana ta cikin zana. "Ta ina zan bi in je wurin Sabo?"

A wurinmu mace ba ta magana a nan. Sai Jibril ya gyara murya.

"Alhaji mutumin kirki ne," ya ce. "Duk ranar da kike so, ki aiko a nemi izini."