Reshen Lemon Baba

Da na zura hannu cikin tsohuwar hular Baba na zaro takarda, sai na ga sunan Kelvin, ƙanina. Na naɗe ta da sauri, na ce wa Mama hannuna ya kamo biyu, bari in sake.

"Narelle, ɗaya kika ɗauka, ina kallonki," in ji ta. "Rabonki ke nan."

Shekara huɗu ke nan da Mama ta kafa mana dokar Kris Kringle, bayan wata Kirsimeti da ta kwashe buhu uku na kwalaye da robobi daga falonta, ta ce ta gaji da ganin muna sayen shirgi muna ɗora wa juna. Yanzu kowa mutum ɗaya yake yi wa kyauta, wanda ya zaro sunansa daga hula, kada ta wuce dala ashirin, kuma ba a faɗin wanda ya bayar. Sunan mai karɓa kaɗai ake rubutawa. Ni na fi kowa yabon dokar, har ranar da ta faɗo a kaina.

Ni da Kelvin shekara biyu ba mu yi wata magana ba in ban da "miƙo gishiri". Bayan rasuwar Baba, ni na matsa aka sayar da gonar lemonmu da ke bayan garin Mildura. Ruwan ban-ruwa ya yi tsada, lemo ya faɗi a kasuwa, Mama ba za ta iya ba. Gaskiyata ce, har gobe ina faɗi. Amma Kelvin a gonar ya tashi, a cikinta ya so ya tsufa, kuma ranar da aka sa hannu ya dube ni ya ce, "Kin sayar da ubanki." Yanzu tirela yake ja, yana haya a ɗaki ɗaya saman bene. Ya gaya wa Mama bayan sabuwar shekara zai tattara ya koma can garin Darwin mai nisa. Na san halin ƙanina. In ya tafi a haka, shi ke nan na rasa shi.

Mako uku takardar na cikin jakata, ta hana ni sukuni. In na zauna sai in tashi, in na ɗauki aiki sai in ajiye. Sau huɗu ina zuwa babban kanti. A waje kwalta na narkewa, don a ƙasar nan Kirsimeti a lokacin zafi take zuwa, a ciki ana ta rera waƙar ƙanƙara, ga wani bawan Allah cikin jar riga da gemun auduga gumi na ɗiga masa ta hanci. Mutane na tura keken kaya kamar gobe za a rufe duniya. Na ɗauki safa na mayar. Na ɗauki kofi mai rubutun "Gwarzon Ƙane", na ji kunyar kaina na mayar. Me ake saya wa mutumin da aka raba da gonarsa, da dala ashirin? A zuwa na huɗu almakashi kawai na saya, don yanka takardar naɗe kyautar da ban samu ba.

Na fito na shiga mota, na kasa nufar gida. Na zaga gari, na bi bakin kogi, na sake zagowa, sai ga ni a kan hanyar da na yi shekara biyu ina kauce wa. Bishiyoyinmu babu ko ɗaya, duk an tuge an jera inabi ƙarƙashin fararen rumfuna. Can kusa da tsohon rumbun kaya na hango guda ɗaya tsaye, wadda kakanmu ya dasa, wadda Baba ba ya sayar da 'ya'yanta sai dai mu sha a gida.

Sabon mai gonar, Harjit, ya fito yana goge hannu. Na gaya masa ko ni wace ce.

"A'a, 'yar mai lemo! Kin zo a kan gaɓa," in ji shi. "Bayan biki za mu cire ta, wurin ajiye tarakta nake nema. Yarana har kuka suka yi, wai ba su taɓa shan mai zaƙinta ba."

"Zan iya yankar reshe?"

"Ki kwashe duka ma in motarki za ta ɗauka."

Baba gwanin yi wa lemo aure ne. Yakan ɓanɓaro idon reshe da 'yar wuƙa, ya cusa shi a jikin wata bishiyar ya ɗaure, bayan shekaru ta haifi irin lemon uwar reshen sak. Kelvin ne ya koya. Ni a lokacin ina inuwa da littafi, abin da na tsinta kawai shi ne ana naɗe rassan a jiƙaƙƙiyar jarida a sa a firji. Na ciro almakashina na shiga fama da rassan, ƙaya na yagar hannuna, har na sami guda tara.

Kwana biyu ina buɗe firji ina leƙa su. Sau biyu na kai su bakin kwandon shara. Idan ya ɗauka tsokana ce fa? Mutum ba shi da ko tafin hannu na ƙasa, a kawo masa itace!

Ranar Kirsimeti muka taru a bayan gidan Mama, fanka na kaɗa iska mai zafi, ƙuda na rububin jatan lande. Kelvin ya zauna can ƙarshen tebur, ko inda nake bai duba ba. Na kasa cin komai. Bayan an kwashe kwanuka, Kawu Merv, ƙanin Mama, ya fara rabon kyautai yana kiran suna. Wani ya sami zuma, Mama ta sami hoton jikokinta. Sai ya ɗago nawa.

"Kelvin! Kai, naka har fitsari yake yi."

Aka yi dariya. Kelvin ya warware jaridar, rassan suka zubo a kan tebur.

"Sanduna!" in ji Kawu Merv. "Lallai wani ya yi tsimi. Ko na dukan ka ne, ja'iri?"

Kelvin ya ɗauki ɗaya ya juya, ya kankare ɓawon da farce ya kai hanci. Ya daɗe a haka.

"Ta gindin rumbu ce," ya ce a hankali. "Na zaci sun cire ta."

Mama ta rufe baki da hannu. Na san duk teburin sun gane mai kyautar, don ga hannuna duk yaguwa.

"To," in ji Kelvin, yana kallon Kawu Merv, "doka ta ce ba a sanin wanda ya bayar, ni ma ban sani ba. Amma a gaya masa da almakashi ya yanka, ya tattauna su kamar akuya ta ci. Da Baba na nan da ya sha zagi. Cikin taran nan uku ne kawai za su yi rai."

"Ukun za su kama?" na tambaya. Ban san lokacin da maganar ta fito ba.

Bai juyo ba. "In an sami bishiyar da za a ɗaura su kafin su bushe. Ni ba ni da fili. Amma na ji an ce akwai wani gida a garin nan mai lemon tsami a baya, wanda aka bari kamar maraya." Gidana yake nufi. Ya fara mayar da rassan cikin jaridar ɗaya bayan ɗaya. "Sati uku kafin a kwance ɗaurin. Daga nan kuma sai an sa ido har tsiron ya yi ƙarfi, ba aikin da za a bar wa mai almakashi ba ne."

"Darwin fa?" in ji Mama.

"Darwin ba guduwa za ta yi ba, Mama."

Ya tashi ya kai ƙunshin firji da kansa. Da ya dawo ya tsaya a bayan kujerata, ya ce wa Kawu Merv:

"A gaya wa mai kyautar nan gobe ƙarfe shida zan zo. Ta bar ƙofar baya a buɗe."