Gaisuwar Suruki a Kan Keke

Har yau tsofaffin Garwa na cewa ranar da keke ya fara shiga gari mutane sun watse, wai sun zaci aljani ne. Ƙarya ce. Goggona Aminatu tana wurin. Ta ce mata masu tallan nono dariya suka yi, har ɗaya ta zubar da ƙwaryarta, don ba su taɓa ganin ƙaton mutum yana gudu a zaune ba.

Ƙaton nan mijinta ne, Sulaimanu, masinjan barikin Jamus. A lokacin saura shekara uku Jamus su bar ƙasar. Wani Bature ya koma garinsu ya bar keken, aka ba Sulaimanu ya riƙa kai wasiƙu bakin Binuwai, inda jirgi ke tsayawa da damina. Cikin kwana biyu ya iya hawa. Abin da ba wanda ya sani sai matarsa, birkin keken ya mutu tun a hannun Baturen, daga bariki zuwa kogi kuwa gangara ce. In Sulaimanu ya hau, ba ya tsayawa sai ya afka yashin bakin ruwa ya kife. Sai ya tashi ya kakkaɓe, ya gyara jar hularsa, kamar da ma haka Turawa ke sauka.

Hanyar nan ta masu jakai ce tun ba a haifi Baturen ba. Bariki ta yi shela cewa kowa ya bi hannun damarsa. Jaki kuwa inuwa yake bi, da safe tana wannan gefe, da la'asar ta koma wancan. Ana cewa jaki ba shi da wayo. Ni dai in da mai ƙarancin wayo a nan, mai shelar ne.

Babban masu jakan shi ne Kolo, Babarbare mai fataucin kanwa, kuma shi ya haifi Aminatu. Kun san yadda ake yi. In mutum ya hango surukinsa, sai ya kauce daga hanya, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa kansa a ƙasa, ya gaishe shi. Sulaimanu kuwa sau uku yana wuce Kolo a guje, da takalmi, yana kaɗa masa ƙararrawa.

A karo na uku Hamadu yana nan, Bafillace mai jakai shi ma, wanda ba ya barin Babarbare ya sha ruwa lafiya.

"Kolo, jam na? Na ji an gaishe ka. Ƙiling-ƙiling! Ba ka amsa ba."

"Rufe mini baki, bawana."

"Ni ne bawanka? To ai ni ba a kaɗa mini ƙararrawa. A wajenmu rago muke ɗaura wa ita. Ko dai yaron bai gane wanne ne surukin ba, cikin ku goma sha ɗaya?"

Jakan Kolo goma ne.

Ran nan Kolo ya aika wai Aminatu ta zo uwarta na nemanta. Da ta zo ya ce ta ajiye ƙunshinta, ba inda za ta koma. Ya ce shi bai ba da 'yarsa ga mutumin da ke kore shi daga hanya kamar akuya ba.

Kwana shida tana gida. A na bakwai Sulaimanu ya zo ta bayan zana yana raɗa.

"Ki roƙe shi mana."

"Ka faɗa masa gaskiya, Malam. Ka ce abin ba ya tsayawa."

"In faɗa wa wa? Gobe Hamadu ya kai zancen kasuwa, jibi bariki ta ji, a ba wani keken."

"To zauna da kekenka, ya dafa maka tuwo."

Sai ya ce, "Zan gaishe shi. Yadda ake yi, ba abin da zan rage."

"Ta yaya?"

"A kan keken."

Goggo ta ce ta so ta hana shi, dariya ce ta shaƙe ta, kafin ta sami numfashi ya tafi.

Washegari da hantsi jirgi ya yi kuka a kogi. Kolo da Hamadu suna haurowa da jakai, mangaloli cike da kanwa, duk sun lafe a gefen inuwa, gefen da shela ta ba mai gangarowa. Sai ga Sulaimanu daga sama, jakar wasiƙu a wuya, riga ta cika da iska.

Ya fara da takalmi. Ya ɗaga ƙafar dama ya fizge, takalmin ya tashi ya faɗa cikin tukunyar wata mai ƙosai. Na hagu ya sami jakin gaba a kunne. Sai durƙuso. Ya zame daga sirdi ya sauko kan ƙarfen tsakiya, gwiwoyinsa suka kai kunnuwansa. Saura sunkuyar da kai, ya sunkuyar. Daga nan ba abin da yake gani sai yatsun ƙafarsa.

"Baba, ina kwanaaa!"

Jakin da aka jefa da takalmi ya juya ya gitta hanya don ya ga wa ya yi masa haka. Keke ya sami mangala. Sulaimanu ya tashi sama, ya bi ta kan jaki, ya sauka rub da ciki daidai ƙafafun Kolo, kanwa ta biyo shi ta rufe shi fari fat. Sauran jakan suka watse suna kuka, ɗaya ya shige rumfar wanzami.

Daga cikin kanwar aka ji murya.

"Ina gajiya, Baba?"

An gaishe da mutum a gaban jama'a, ba takalmi, goshi a ƙasa. Ba yadda zai yi.

"Ba gajiya," in ji Kolo.

"Ina labari?"

"Sai alheri."

"Yaya mutanen gida?"

"Suna... lafiya lau."

Hamadu ya riƙe ciki ya jingina da bango. Da ya ɗan farfaɗo, ya ɗaga keken ya tsayar da shi don ya duba. Yana sakin hannu keken ya kama gangara shi kaɗai, yana tangaɗi, har ya je ya rungumi wata bishiya.

Kolo ya bi shi da kallo. Shekara talatin yana bayan dabbobi, ya san dabbar da mai ita ke kora, ya kuma san wadda ta gudu da mai ita.

"Kai yaro. Ina linzaminsa?"

"Ba shi da shi, Baba."

"Da me kake tsayar da shi?"

"Da yashi, Baba."

"Sau ukun nan da ka wuce ni?"

"Ina ta salati, Baba. Ƙararrawar don kada in taka ku ne."

Kolo ya so ya riƙe girmansa. Gemunsa ya fara rawa. Sai ya zauna a kan mangala ya yi ta dariya har rawaninsa ya warware, yana nuna Sulaimanu.

Da azahar ya shiga gida yana share hawaye.

"Aminatu! Ɗauki ƙunshinki."

"Baba, ai ka ce..."

"Na san abin da na ce. Gobe ma hanyar nan zan bi, jibi ma haka. In ya sake gaishe ni sau biyu, takaba za ki yi. Je ki ce masa na yafe masa gaisuwa a gangara. Ya zo gida ranar Juma'a, a ƙasa."

Ta ɗaura ƙunshi, ta kai bakin zaure.

"Ki tafi da man kaɗanya," in ji shi. "Ba fata a gwiwarsa."