Bangon Aji Shida

Ƙarar guduma ta sake katse Malam Suhaibu a tsakiyar magana. Ƙura ta zubo daga saman bango, ta sauka a kan ɗaliban da ke zaune a ƙasa.

Darasin Daular Rum yake yi musu. Ya ce hanyoyin da Rumawa suka shimfiɗa har yau ana bin wasunsu, haruffan bokon da suke rubutu da su ma gadonsu ne.

"To Malam, wa ya rushe musu birnin?" in ji Halima Sadiya.

"Abokan gaba sun ƙona wani sashe. Amma da yawa mutanen garin ne da kansu suka riƙa ɓamɓare duwatsun manyan gine-gine, kowa yana kaiwa gidansa."

Guduma ta sake sauka. Yaran suka sunkuyar da kai. Duk sun san wanda ke bayan bangon.

* * *

Tun daminar bara iska ta yaye rufin aji biyar. Ba wanda ya zo gyara. Kwano ya fara tafiya, katako ya bi shi. Abin da ya rage shi ne bangon da ya haɗa shi da aji shida, kuma idan ya faɗi, ƙauyen nan na gefen Kafin Dafga ba shi da sauran aji mai rufi.

Suhaibu ya zagaya, ya tarar da yayansa Sulle yana loda bulo a amalanke. Sulle ne ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, a gidansa yake kwana har yau.

"Yaya, wannan bangon shi ke riƙe da rufinmu."

"Na gwamnati ne fa, ba gadon Baffa ba." Sulle ya share gumi. "Mijinyawa ya kwashe kwano, ka yi shiru. Mai unguwa ya cire ƙofa, ka yi shiru. Sai ni da zan yi wa ɗa aure? Mujahid ba ɗanka ba ne? A garken shanu kake so ya ajiye amarya?"

"Yara na ciki, Yaya."

"To fito da su mana, Malam Barume!"

Suhaibu ya dubi bulon da ke cikin amalanken. Ya san hanyar ofishin ilimi a Ƙaraye. Ya kuma san sunan da zai faɗa idan ya je. Ya koma aji, ya ce kowa ya ɗauki jakarsa a koma gindin darbejiya.

Kafin sati ya zagayo, rufin aji shida ya durƙusa.

* * *

Ranar Asabar aka yi gayyar ginin ɗakin amarya. 'Yan'uwa suka jeru, bulo yana tafiya daga hannu zuwa hannu, Suhaibu na cikinsu. Wani bulo ya iso hannunsa, gefensa ɗaya shafe da baƙin fentin allo. Ya riƙe shi, ya kasa miƙawa.

"Miƙo mana," in ji Sulle daga kan gini. "Juya baƙin ya kalli ɗaki. Can za a shafe da siminti, kada surukai su gani."

Ya juya, ya miƙa.