Fom ɗin da Hajiya Saudatu Ke Cikewa

Shekara talatin Hajiya Saudatu ta yi tana aikin ƙididdiga a wata ma'aikatar tarayya, kuma duk wanda ya zauna ofis ɗaya da ita zai shaida ba ta taɓa murɗe lamba ba. An lallashe ta, an yi mata barazana da canjin wurin aiki, ko gezau. Amma ga shi matar nan, duk bayan wata shida, sai ta zauna a bencin asibiti ta yi wa 'yar cikinta ha'inci da biro.

'Yar ita ce Nazeefa, shekararta ashirin da shida. Tun tana ƙarama aka gano tana da ciwon da likitoci ke kira SMA, wanda ake haihuwar mutum da shi, yake cinye ƙarfin tsoka a hankali. A keken guragu ta yi digirinta, a kai take aikin fassara daga gida a Durumi, kuma bakinta ya fi na kowa kaifi a gidan. Hannun ne dai ya daina jure riƙe biro.

Dakta Angela, likitarta, ta shigo da wani fom da maras lafiya zai faɗi da bakinsa yadda ciwon ke damunsa. Gajiya, haɗiya, barci, numfashi, kowanne a ba shi lamba daga sifili zuwa biyar. Ta ce awo da hoto ba sa nuna mata duka, mai jikin ne ya san nauyinsa. Don haka Hajiya ke karanta tambaya, Nazeefa ta amsa, Hajiya ta rubuta a kan cinyarta inda yarinyar ba ta gani.

To a nan ta'asar take. In Nazeefa ta ce uku, Hajiya ta rubuta biyu. In ta ce huɗu, ta sa uku. Ba mugunta ba ce. Gani take lissafa wa baƙo ciwo kamar kai ƙarar Ubangiji ne, kuma a can cikin ranta tsoro take ji, kamar in ta rubuta babbar lamba ta buɗe wa abin ƙofa ne. Ɗaya kacal take cirewa, tana ce wa kanta ai ɗaya ba komai ba ce. Ta fi kowa sanin ƙarya take yi wa kanta.

Wata ranar Laraba, Sista Felicity, ma'aikaciyar jinyar sashen, ta miƙo takardar tana cewa da gurguwar Hausarta, "Hajiya, ku cika shi da kyau fa. Dakta ya ce da wannan fom za ta duba ko Nazeefa tana bukatan injin numfashi. In lamba bai hau ba, sai wani shekara."

Hajiya ta gyara gilashinta. Gajiya, Nazeefa ta ce huɗu, aka rubuta uku. Haɗiya, ta ce uku, aka rubuta biyu. Suka iso tambaya ta tara.

"Wahalar numfashi in kin kwanta."

Nazeefa ta kalli hannun uwarta. Hajiya ta ɗago kai.

"Umma, ɗan ajiye biron."

"Me ya faru?"

"Na san kina cire ɗaya."

Hajiya ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa.

"Tun zuwanmu na biyu na gane," in ji Nazeefa, har da ɗan murmushinta na tsokana. "Yadda hannunki ke zana biyu daban yake da uku. Ban so in ɓata miki rai ba, sai na riƙa ƙara ɗaya. Ke ki cire, ni in ƙara, Dakta ta samu daidai. Shekara biyu muna aiki tare ba ki sani ba."

Dariya ta kusa ƙwace wa Hajiya, hawaye suka riga ta. Wato duk wannan lokacin yarinyar nan tana ɗauke da ciwonta, tana kuma ɗauke da tsoron uwarta, ba ta taɓa nuna ta gaji ba. Alfahari da ita ya cika mata ƙirji har ya yi zafi.

"To wannan nawa ne?" ta tambaya. "Faɗi, na ji."

"Shi ya sa na tsayar da ke. Biyar ne, Umma. Na gaskiya. Fom ɗin ya ƙare a biyar, ba ni da inda zan ƙara miki."

Hajiya ta daɗe tana kallon ɗan akwatin da ke gefen tambaya ta tara. Daga cikin ofis aka kira sunan Nazeefa. Ta ɗaga takardar daga cinyarta, ta ɗora a hannun keken inda 'yarta za ta gani, ta yi bisimilla, ta rubuta biyar.