Mai Tantance Masu Gaisuwa

Shekarar da jirgin kasuwar Wara ya kife, lokacin muna cikin jihar Sakkwato, mutum goma sha ɗaya ruwa ya ci. An tsamo goma. Na sha ɗayan shi ne maigidana Arzika, mai tuƙa jirgin. Kututture suka hau, irin itatuwan nan da ruwan Kainji ya rufe suna tsaye.

Ni da ko izu biyu ban haɗa ba a allo, a makon nan na zama malama. Na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki ina tantance masu shigowa. A karatuna, jaje na wanda akuyarsa ta ɓata ne, tana iya dawowa. Gaisuwa kuwa ta wanda aka haƙa wa rami ce. Duk wadda ta ce "Allah shi bayyana shi", sai in ce amin sau uku, in ba ta ruwa. Wadda ta ce "Allah shi jiƙan shi", sai kunnena ya toshe.

Fatsuma mai suyar kifi, ƙawata tun muna talla, ta zo da kukanta ta yi mini gaisuwa.

Na ce, "Fatsuma, kin ga gawa?"

"Haba Rahamatu! Kwana tara hwa cikin ruwa."

"Akwai masu shekara a ciki."

"To mijin naki tarwaɗa ne?"

Da muciya na raka ta har zaure. Daga ranar mata suka riƙa tambayar juna a hanya wanne ake karɓa a gidanmu. Da yawa suka ga zaman gidansu ya fi musu.

Da masunta suka gaji da nema, Wakili, babbansu, ya zo ya tsuguna daga waje ya ce, "Sai dangana." Na ce masa haƙuri dai zan yi, dangana ban shirya ba, don mai haƙuri yana leƙen hanya, mai dangana ya bar leƙe. Ya ɗauki hularsa ya tafi. Ni kuwa har daɗi na ji, wai na kayar da dattijo.

Duk wannan abin, uwar Arzika, Inna Dudu, tana ƙuryar ɗaki da tasbaharta. Ba ta ce jaje ba, ba ta ce gaisuwa ba. In na kai mata kunu sai ta ce, "Sannu ɗiyata," ta kurɓa sau biyu ta ture.

Ranar sadakar arba'in na shiga gidan Halimatu maƙwabciyarmu, wadda aka tsamo nata mijin tun kwana na biyu. Tsakar gida cike da mata, ana rabon gumba. Kowa ya yi addu'a, ita da surukarta su amsa, su yi kuka, a ba su baki, su sake. Ina tsaye ina kallo, sai na ji bakina ya ce, "Kin ji daɗi, Halimatu."

Matar da ke takaba na yi wa barka! Na ja zanena na fito, takalmina ɗaya a hannu.

A hanya surukar Halimatu ce ta tsaya mini a rai, yadda take ɗaga tafin hannu tana karɓar addu'ar ɗanta. Ita ko Inna, kwana arba'in ba wanda ya isa wurinta da ko ɗaya. Ni ce na tare ƙofa.

Na same ta inda na bar ta. Na durƙusa gabanta.

"Inna, Allah shi jiƙan shi."

Sai ta ɗaga hannu biyu ta ce amin, ta shafa, ta sake cewa amin, har muryarta ta karye. Muka yi kukan da ya kamata a yi tun tuni.

Da ta share ido da bakin zanenta, sai ta ce, "Tashi ki kirawo mutane, in akwai sauran wanda ba ki kora ba."