Askin Akawu

Reza na kan maƙogwaron Akawu sa'ad da mai tasi ya danna hon a karo na uku. Mai aski bai ɗago ba. Hannunsa na hagu yana kan goshin tsohon, goshin kuwa zafi kamar murfin tukunya.

"Bar shi ya yi ta yi," in ji Akawu, yana jan numfashi da ƙyar. "Gyara gefen kunnen nan. Kullum a nan kake ha'inci."

Shekara shida ke nan Akawu yana kwana a barandar shagon askin. Ba wanda ya san ko ya taɓa aikin ofis. Sunan ya samo asali ne daga biron da yake maƙalawa a aljihun gaba, wanda tawadarsa ta ƙare tun kafin unguwar ta san shi. Dukiyarsa jaka ɗaya ce da kwali biyu. Amma duk safiya mai aski zai tarar an share barandar, an jingine kwalayen bayan tankin ruwa, Akawu na bakin famfo yana cuɗa ƙafafunsa da dutse, yatsa bayan yatsa, kamar wanda minista ke jira.

Yana da tsarinsa. Ƙafa ce ta farko, don ita ce motarsa. Sai haƙora, sai fuska. Ciki ne na ƙarshe, saboda a cewarsa ba mai leƙa cikinka kafin ya amsa maka gaisuwa. Wata shekara 'yan wata ƙungiya masu riguna iri ɗaya suka zo da takardun wayar da kai kan kula da lafiya: a yi barcin awa takwas, a ci 'ya'yan itatuwa, a guji damuwa. Akawu ya karanta har ƙarshe, ya yi musu godiya, ya roƙi ƙarin guda biyu. Takardar mai kauri ce, ta toshe ramin takalminsa daidai.

Mako biyu ke nan da tari ya kama shi. Yau da safe mai kemis ɗin da ke maƙwabtaka da su, mace mai faɗa da tausayi a numfashi ɗaya, ta saurari ƙirjinsa ta ce huhu ne, asibiti yanzu-yanzu. Ita ce ma ta tsayar da tasin. Akawu ya yarda, amma sai an yi masa aski. Kwana goma hannunsa bai iya riƙe reza ba.

Mai aski ya lallashe shi, ya yi masa tsawa, har ya kira shi Kawu, abin da bai taɓa yi ba. Sai tsohon ya ba shi labarin abokinsa mai kwana ƙarƙashin gada, wanda ya raka asibiti bara. An dubi gemunsa, an dubi faratansa, aka nuna masa ƙasa kusa da kwandon shara. Ko da aka tuna da shi, ba ya bukatar kowa.

"Ciwonsa ɗaya da na masu kujera," in ji Akawu. "Gemu ne ya raba su. Ni ba a gefen shara zan mutu ba."

Shi ya sa mai aski ya ɗauki reza, mai kemis na tsaye a ƙofa tana cewa in tsohon nan ya cika a kujerar aski, to, shi ya sani. Da ya gama, Akawu ya nemi a nuna masa ƙeyarsa a madubi, ya ce ba laifi, ya ga wanda ya fi.

A ƙofar asibiti ya ture hannun mai aski, ya yi taku goma shi kaɗai, kai a miƙe. Nas ɗin da ke karɓar marasa lafiya ta tashi tsaye.

"Sannu Baba. Zauna nan."

Da hannunta ta jawo kujerar. Ta tambayi adireshi, mai aski ya ba da lambar shagonsa. Akawu ya dube shi ta gefen ido, irin kallon malami ga ɗalibin da ya yi masa gardama.

Daga baya mai aski ya tare likita a baranda, ya tambaye shi a hankali ko rabin awar da suka ɓata wajen aski ce ta sa ciwon ya tsananta haka. Likita ya ce ba rabin awa ba ce, mako biyun ne.

Kwana uku Akawu ya yi a kan gado mai farin zane, yana ƙorafin matashin kai ya cika laushi. Ran na huɗu da hantsi mai aski ya zo da sabulu da mataji, nas ta tare shi.

"Sai haƙuri. Babanku ya cika ɗazu."

Bai gyara mata ba. Ya tsaya yana kallo tana yaye zanen gadon. Da ta ɗaga katifar, sai ga wandon Akawu a shimfiɗe a ƙasa, an haɗa ƙafa da ƙafa, ɗinki a kan ɗinki. Ta tambaya ko ɓoyewa ya yi don kada a ɗauke.

"Guga ce," in ji mai aski. "Na ranar sallama ne."

Ya sa hannu biyu ya ɗauko shi a shimfiɗe, ya sauka matakala a hankali don kada karin ya lalace.